Malama, Yaron Nan Ba Raini Ya Yi Miki Ba

*Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare a nan cikin garin Sakkwato. Hausa da Addinin Musulunci na karanta a NCE, amma da aka yi wa malamin lissafinmu canjin wurin aiki sai aka ce in riƙe 'yan aji biyu kafin a kawo wani. Yau wata bakwai ke nan. Makon jiya muka zo kan kusurwoyi. Na zana layuka biyu masu tafiya a jere, na ratsa su da layi ɗaya, na ce wannan kusurwa da waccan daidai suke, kamar yadda littafi ya ce. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, mi yas sa sunka zama daidai?" Na ce haka dokar take. Ya ce, "To wa yab ba da dokar?" Aji ya kwashe da dariya. Ban san amsa ba, raina ya ɓaci, na sa shi ya durƙusa a rana har aka buga ƙararrawa. Tun daga ranar bai ƙara buɗe baki a aji ba, alhali ya fi kowa ƙoƙari. In na ba shi haƙuri ina tsoron aji ya raina ni, in na yi shiru zuciyata ta ƙi kwanciya. Har na fara tunanin in ce a karɓi lissafin nan. Yaya zan yi? Malama, daga Mabera.*

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Sau biyu na karanta takardarki. A karo na biyu na tsaya a kan tambayar yaron, na zauna ina murmushi ni kaɗai har mutanen gida suka tambaya ko lafiya. Na yi shekara 31 da alli a hannu kafin in yi ritaya, kuma yaran da suka taɓa yi mini wannan tambaya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sauran, "haka dokar take" ta ishe su, su kwafe su tafi. Tambayar da ta kayar da ke ta hana manyan masana barci sama da shekara 2000, kuma zan zo kanta. Amma sai mun fara da maganar rana.

Kin yi kuskure, ba zan ɓoye miki ba. Ke kin san ranar Sakkwato, kin san yadda ƙasa ke ƙuna idan zafi ya haura digiri 40, kuma a kan wannan ƙasa gwiwar yaro ta zauna. Bai zage ki ba, bai ƙi aiki ba. Abin da ya ƙona miki rai dariyar aji ce, sai kika ɗauki laifin mutum hamsin kika ɗora wa mutum ɗaya, wanda kuma shi kaɗai ne yake sauraron ki da gaske. Ba don in ƙara miki zafi na faɗi haka ba. Ni ma na yi irinsa. A shekarata ta biyu da fara koyarwa, a wata makarantar ƙauye, wata yarinya ta tambaye ni dalilin da ya sa ragi sau ragi ke haifar da ƙari. Ban sani ba. Na ce tana ɓata mana lokaci, na yi mata bulala uku a tafin hannu. Har ta bar makarantar ba ta sake ɗaga hannu ba, ni kuma girman kai ya hana ni gyarawa. Na manta sunayen ɗalibai dubbai, nata ya ƙi fita daga kaina. Ke kin fi ni sa'a, don yaronki yana nan zaune a kan bencinsa.

Ki ba shi haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ki fara kiran sa gefe, ku biyu, ki ce masa abin da kika yi bai dace ba. Zai sunkuyar da kai ya ce "ba komi, Malama," don haka aka tarbiyyantar da shi, kada ki ɗauka magana ta ƙare a nan. A gaban aji aka kunyata shi, a gaban aji za a wanke shi. Ba sai kin yi dogon jawabi ba, balle ki sa murya ta yi rawa. Ki shigo, ki ajiye littafi, ki ce: "Ran nan wane ya yi tambaya, ban san amsarta ba a lokacin, kuma bai kamata in hukunta shi ba. Na je na bincika. Yau da tambayarsa za mu fara." Sai ki juya ga allo. Shi ke nan.

Batun raini kuwa, ki tambayi kanki dariyar mece ce suka yi tun farko. Sun riga sun gane ba ki sani ba. Yara ba su da digiri amma suna da ido, kuma malamin da suke rainawa shi ne wanda suka ga yana rufe rashin saninsa da tsawa. Ke da kika karanta addini kin fi ni sanin abin da aka ruwaito game da Imamu Malik, cewa an yi masa tambaya 48 ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba." Mazhabarsa muke bi a garin nan har gobe, ba wanda ya raina shi.

To, amma haƙuri ba tare da amsa ba rabin biya ne. Bari mu zauna a kan darasin.

Ki fara sauke wa yara nauyin sunan. Kalmar nan da suke rerawa, "korosfondin, korosfondin," kamar karatun aku, ba ta nuna musu komai. Ni takwarori nake ce musu. Ki ce su ɗauka wani dogon titi ne ya ratsa tituna biyu masu tafiya a jere, aka samu mararraba biyu. Kowace mararraba kusurwa huɗu gare ta. A ta farko mai shayi ya kafa teburinsa a kusurwar gabas maso arewa. In ka gangara mararraba ta biyu, duk wanda ka tarar a kusurwar gabas maso arewa shi ne takwaran mai shayi, ko mai faci ne ko mai gasa masara. Mazauni ɗaya, mararraba daban. Kusurwa takwas ke nan gaba ɗaya, kowace da takwararta, wato tagwaye huɗu. Layukan nan biyu da ba sa haɗuwa komai nisan da aka ja su, mu kira su jerarrun layuka, na ukun kuma mai ratsawa.

Akwai abin da littattafai da yawa ke tsallakewa a nan, kuma shi ne ke jefa yara rami a jarrabawa. Zama takwara magana ce ta mazauni, ba ta girma ba. Ko da layukan biyu sun karkace, takwarori suna nan a wurarensu. Jerawar layuka ita ke kawo daidaito. In babu ita, takwara na iya fin takwara girma, kamar yadda Bello biyu a aji ɗaya ba dole tsawonsu ya zo ɗaya ba.

Sannan ki bar hannunsu ya gani, gani ya kori ji. Kowa ya buɗe tsakiyar littafin rubutunsa. Layukan da aka buga a ciki jerarru ne, kyauta, ba sai kin wahala da zane ba. Kowa ya ɗora rula a karkace ya ja layi ɗaya daga sama har ƙasa. A yago ɗan kwali, na sabulu ko na ashana, a yanka shi yadda zai shiga cif a kusurwar sama ta dama a layin farko. Sai a riƙa zame shi a hankali yana bin layin da aka ja, ban da juyawa. Layi na biyu, cif. Na biyar, cif. Na ƙarshe a gindin shafi, cif. A wannan lokaci kada ki ce uffan, ki dai riƙa zagawa tsakanin benci. Za ki ji wani daga baya ya ce "Malama, ya shiga!" kamar ya tsinci kuɗi. Kowane yaro karkatar rularsa daban, kwalinsa daban da na maƙwabcinsa, amma kowa nasa ya shiga. Bayan nan ki ce su ja wani layi da hannu wanda ya ɗan sunkuya, bai bi na littafin ba, su kawo kwalin kansa. Ko dai ya bar ɗan fili, ko ya haura. Wanda ya ga wannan filin da idonsa ba zai sake cewa takwarori daidai suke a ko'ina ba.

Daga nan sauran dokokin da ake sa yara haddacewa ɗaya bayan ɗaya duk 'ya'yan wannan ne. Miƙaƙƙen layi digiri 180 ne. In kusurwa ɗaya 65 ce, maƙwabciyarta a kan layi 115 ce. Wadda ke fuskantar ta ta ƙetaren mararraba, kamar bakin almakashi da hannunsa, 65 ce. Sauko da su duka mararraba ta biyu kowace ta zauna kan takwararta, sai ki ga kusurwa takwas ɗin nan lamba biyu ce kawai: 65 sau huɗu, 115 sau huɗu. Ba sai an haddace dokar kusurwoyin da ke yin siffar harafin Z daban, ta masu siffar harafin C daban ba.

Yanzu ga "mi yas sa." Kwali ya nuna cewa haka abin yake, bai faɗi dalili ba, kuma yaronki dalili ya nema. Ki ce masa, to mu ɗauka ba daidai suke ba. A mararrabar sama, kusurwar sama ta dama 70 ce. Takwararta a mararrabar ƙasa mu ce 60. Ƙarƙashin 70 ɗin nan, a cikin tsakiyar layukan biyu, akwai 110, tunda tare suke cika 180. To yanzu a ɓangaren dama, tsakanin layukan, muna da 110 a sama da 60 a ƙasa, jimla 170. Sun gaza 180 da goma. Wannan goma da ta ɓace ita ce sunkuyawar da layukan suka yi wa juna, kuma in aka ci gaba da ja za su yi karo a dama. Da mun ce 80 maimakon 60, da jimlar dama ta zama 190, ta hagu ta koma 170, su yi karo a hagu. Tunda mun ce jerarru ne, ba sa karo ko ta ina, ba abin da ya rage sai 70 da 70.

Yaro mai kaifin kai zai yi shiru kaɗan, sannan ya ce: to wa ya ce in sun gaza 180 dole su yi karo? In ya faɗi haka ki ji daɗi, ya taɓo gindin rijiyar. Nan ne tambayarsa ta biyu take, wa ya ba da dokar, kuma tana da amsa mai suna.

Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani da ake kira Uƙlidis ya zauna a Iskandariyya ta Masar ya tattara ilimin handasa, wato na layuka da kusurwoyi da siffofi, a littafi mai kashi 13. Tsarinsa shi ne ba ya faɗin magana sai ya kawo hujjarta daga wadda ta gabace ta. Amma ba a gini a kan iska, dole a samu tubalin farko, don haka ya buɗe da sharuɗɗa biyar ya ce a yarda masa da su ba hujja. Huɗu na farko kowa zai gyaɗa kai, irin su tsakanin ɗigo biyu ana iya jan miƙaƙƙen layi. Na biyar ne mai nauyi, kuma shi ne wannan da muka yi amfani da shi yanzu: in layi ya ratsa layuka biyu, kusurwoyin ciki na ɓangare ɗaya suka gaza 180, to layukan za su haɗu a wannan ɓangare. Shi kansa kamar bai so taɓa shi ba. Ya warware mas'ala 28 bai jingina da shi ba, sai a ta 29 ya ɗauko shi. Kin san mece ce mas'ala ta 29? Darasinki na makon jiya. Ita ce mai cewa in layi ya ratsa jerarrun layuka, takwarori daidai suke. Wato yaron nan, daga bencinsa a Sakkwato, ya ɗora yatsa daidai kan wurin da ginin ya fara dogara da wannan sharaɗi na biyar da aka karɓa bisa yarda.

Masana sun ƙi haƙura. Suna ganin sharaɗi na biyar ya yi tsawo da yawa a ce tubali ne, lallai yana da hujja a ɓoye. Bayan an fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid, ta hannun Hajjaju bin Yusuf bin Maɗar (ba gwamnan nan mai takobi ba, takwaransa ne kawai), malaman Musulmi suka shiga neman hujjar. Ibnul Haisam ya gwada. Umar Khayyam ya rubuta risala a kai a 1077. Nasiruddin Ɗusi, wanda ya rasu a 1274, shi ma ya gwada. A Italiya wani mai suna Sakkeri ya buga nasa ƙoƙarin a 1733. Kowa in ya yi nisa sai a ga ya shigo da sharaɗin ta ƙofar baya da wata riga. Sai a 1829 Lobacebiski a Rasha, da Bolyai ɗan Hangari a 1832, suka nuna ana iya gina wani ilimin handasa cikakke wanda wannan sharaɗi ba ya cikinsa, kuma kafin ƙarnin ya ƙare aka tabbatar ba za a taɓa fitar da shi daga sauran huɗun ba. Saboda haka amsar da kika bayar, "haka dokar take," ba ta yi nisa da gaskiya ba. Abin da ya rage shi ne ki san inda dokar ta tsaya, kuma ba da rana ake kare ta ba.

Ga kuma abin da nake so ki faɗa wa ajin, don yaranmu suna ɗauka wannan ilimi baƙo ne da ya zo a akwatin Bature tare da alli. Wani matafiyi ɗan Birtaniya, Kilafaton, ya zo Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa a 1826, kuma a nan kusa da gari ya rasu a 1827. Cikin tsarabar da ya kawo a zuwansa na biyu akwai littafin Uƙlidis na Larabci. Ya rubuta a kundin tafiyarsa cewa wata safiya ya shiga wurin Sarkin Musulmi ya same shi zaune a cikin gida da littafin a gabansa. Bello ya gaya masa cewa gidansu suna da kwafin littafin tun da, wani ɗan'uwansu ne ya samo shi a Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta ci wani sashe na gidan shekarar da ta gabata. Ki tsaya ki duba wannan da kyau. Mutum yana riƙe da daula, ga yaƙe-yaƙe, ga shari'a, ga rubuce-rubuce, amma ya samu safiyar da zai buɗe littafin layuka da kusurwoyi, kuma ba ganin farko yake yi masa ba. Tsakanin inda ya zauna da allon ajinki tafiyar Keke Napep ce. Na sha ba ɗalibai wannan labari, kuma ban taɓa ganin ajin da bai gyara zama ba in sun ji shi.

In kina so su ga inda dokar ke karyewa, ki sayi kankana mai zane ki shigo da ita. Ki ɗaura mata zare a ƙugu. Kowane zane da ya sauko daga sama yana ratsa zaren a tsaye, digiri 90, takwarori duk daidai. A kan takarda wannan ya isa a ce zanen jerarru ne, ba za su haɗu ba. Sai ki juyo musu wurin kara su ga duk sun taru wuri ɗaya. Haka layukan da ke kan taswirar duniya mai siffar ƙwallo suke, suna ratsa layin tsakiya a tsaye su je su haɗu a ƙuryar arewa da ta kudu. Darasinmu na shimfiɗaɗɗen wuri ne, allo da takarda da daɓen ɗaki.

Wani abu kuma, a shimfiɗe dokar tana tafiya gaba da baya, kuma masu sana'a da ta bayan suke aiki. In takwarori suka zo daidai, to layukan jerarru ne. Ki lura da kafinta in zai fitar da matakan tsani ko katakan kanta: yakan jingina sikwayarsa da gefen katako ya ja layi, ya zame ta gaba ya sake ja. Bai auna tazara a ƙarshen biyu ba, amma ya san layukansa ba za su haɗu ba, don kusurwa ɗaya ya maimaita a kan gefe ɗaya. Ba shakka a ajinki akwai ɗan kafinta ko ɗan mai walda. Ki ce ya aro sikwayar babansa ya nuna wa 'yan'uwansa.

Rana kuma, ki mayar da su cikinta, amma da hantsi, kuma duk aji, ke ma kina ciki. Ki ba yaron nan sanda mai tsawon mita 1 ya kafa ta a tsaye a fili. A auna inuwarta, a ce ta ba da mita 1 da rabi. A je a auna inuwar sandar tuta ko turken lantarki a wannan lokacin, a ce mita 9. Tsawon turken mita 6 ne, ba wanda ya hau. Dalili shi ne rana tana da nisan kusan kilomita miliyan 150, don haka haskenta yana iso mana kamar jerarrun layuka, ƙasa kuma ita ce mai ratsawa. Kusurwar da haske ya yi da ƙasa a bakin inuwar sanda takwarar wadda ya yi ce a bakin inuwar turke. Ke ma kin daɗe da sanin wannan ta wata ƙofa. Littattafan fiƙihu sun ce La'asar tana shiga idan inuwar kowane abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage lokacin zawali. Kowane abu suka ce, ba su ware sanda ko bango ko mutum ba, kuma da takwarorin nan ba daidai suke ba, da ladan dogo da ladan gajere ba za su taɓa kiran salla lokaci ɗaya ba.

Na jarrabawa kaɗan ne. Su riƙa neman 'yan kibiyoyin da ake sawa a kan layuka don nuna jerarru ne kafin su ce komai daidai ne, don ido yana yaudara, kuma masu tsara tambaya sun san haka. Harafin F da ake koya musu don gane takwarori yana taimako, sai dai yakan zo a kife, ko a juye, ko a kwance, shi ya sa na fi son mai shayi da takwaransa. In aka ba su takwarori biyu, ɗaya 3x + 10 ɗaya 5x − 30, su daidaita su, 2x ta zama 40, x ta zama 20, sannan su mayar su gani ko duka biyun sun ba da 70. Yara da yawa a kan 20 suke tsayawa alhali kusurwar aka tambaya.

Maganar ajiye lissafi, ban goyi baya ba, aƙalla ba yanzu ba, kuma ba a kan kunya ba. In kika sauka gobe, yaron zai ɗauka tambayarsa ce ta kore ki, sauran kuma su zauna ba malami har Allah ya kawo wani. Abin da ya wajaba shi ne ki rubuta wa shugaban makaranta, cikin ladabi, ki tunatar cewa riƙo aka ba ki kuma wata bakwai sun wuce. Wannan haƙƙin yara ne, faɗinsa ba gazawa ba ce. Kafin a kawo wani, ki nemi malamin lissafi a sashen manya ko a unguwarku ki riƙa zama da shi awa ɗaya a mako, ki warware kowace tambaya da ke ƙarshen babi da hannunki kafin ki ba yara, ki kasance gaba da su da mako guda. Kuma ki daina cewa ke ba 'yar lissafi ba ce. Wadda ta iya raba gado da rabi da rubu'i da sumuni da sudusi ta wuce wurin. Hausar da kika karanta ma jari ce: malaman lissafi da yawa sun san abin amma ba su da bakin da za su sauko da shi inda yaro yake.

Ki shirya, don in ya saki jiki zai dawo. Babin da ke gaba zai ce kusurwoyin alwatika uku in an haɗa su 180 ne, kuma na san hannun wa zai fara tashi. Ki ja layi ta kan tsinin alwatikan, ya jera da gindinsa. Kusurwoyin gindi biyu za su hau sama su zauna dama da hagun ta tsini, su ukun su kwanta a kan miƙaƙƙen layi ɗaya. A kan sharaɗi na biyar wannan ma ya tsaya. A bayan kankana, zane biyu da zaren ƙugu suna yin alwatika mai 90 da 90 a gindi tun ba a lissafa ta sama ba. Don haka ki ce wa 'yan aji kada wanda ya sa mata wuƙa sai an gama wannan babin.